Na'urar da ke Ɗumama Abinci ta Sanyaya Ruwa: Me za ta Tsinana a Ƙasar Gobir?

Duk mai riƙe da babbar waya a Sabon Birni ko Isa ya ci karo da tallansu. Ga kofin da ke riƙe shayi da zafinsa har mai shi ya gama hira. Ga akwatin da ake sa wa lemo ya yi sanyi, a danna wani maɓalli ya koma ɗumama tuwo. Ga firji mai allo a ƙofa da ke aika wa uwar gida saƙo ta waya cewa an bar shi a buɗe. Kaɗan daga cikinsu sun fara shigowa shagunan kayan lantarki na Kano da Sakkwato, kuma abin da ya iso Sakkwato ba ya daɗewa bai bi motar Goronyo ba. Kafin mutum ya kwance kuɗin gerensa ya saya, ya kamata ya san abin da ke cikin waɗannan na'urori, da irin gidan da aka ƙera su dominsa.

Wayon da ake cewa suna da shi abu uku ne aka haɗa: abin da ke auna zafi, abin da ke yanke hukunci, da abin da ke kunna wuta ko ya kashe ta. Tukunyar shinkafa ta lantarki, wadda kamfanin Toshiba na Japan ya fitar kasuwa a 1955, ta isa misali. Muddin akwai ruwa a tukunya, zafinta ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, komai wutar da aka ba ta, domin ƙarin zafin yana tafiya ne wajen mai da ruwan tururi. Da zarar shinkafa ta tsotse ruwan, sai zafin gindin tukunyar ya fara hawa. A yawancin masu araha na yanzu akwai ɗan maganaɗisu a ƙasa wanda ke rasa ƙarfinsa idan zafi ya kai wani mataki. Yana saki, makunni ya ɗaga, tukunya ta bar dahuwa ta koma ɗumamawa. Ba ta san shinkafa ba, ba ta san wake ba; ƙarewar ruwa kawai ta gane. Butar lantarki mai kashe kanta ma haka take: tururi ne ke bugun wani siririn ƙarfe, ya lanƙwashe, ya ture makunni.

Na zamani sun ƙara ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki a wurin maganaɗisun, wasu kuma suka ƙara intanet. Kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fitar da firji mai haɗi da intanet tun shekarar 2000, Samsung ya biyo da nasa mai allo da kyamara a ciki a 2016. A Amurka akwai kofin Ember, wanda ake saita masa zafi ta manhajar waya, batirinsa ya riƙe shayi kusan awa ɗaya da rabi. Akwai kuma murhun da ake zuba wa ɗanyen nama da safe, ya ajiye shi a sanyi yini guda, in lokacin da aka saita ya yi ya kashe sanyin ya fara dafawa. Duk wanda ya duba zai ga gidan da aka yi wa wannan ɗinki: gidan da miji da mata ke fita aiki tun safe, ba kowa a tsakar gida, wuta kuma ba ta ƙiftawa. Gidajenmu ba su rasa mai duba tukunya ba. Wutar ce babu.

Wanda ya fi jan hankalin mutane shi ne akwatin nan mai aiki biyu, sanyi da zafi, wanda ake jona wa batirin mota. Sirrinsa wani ɗan faranti ne da bai kai tafin hannu ba. Wani Bafaranshe mai suna Jean Peltier ya gano a 1834 cewa idan lantarki ya ratsa mahaɗar ƙarafa iri biyu, gefe ɗaya zai yi sanyi, ɗayan ya yi zafi, in aka juya hanyar wutar kuma su yi musanya. Babu gas, babu inji, sai 'yar fanka. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma ga inda gizo ke saƙar: irin wannan akwati ba ya kai abu ga sanyin da aka ga dama, yana rage zafin wurin da yake ne da kamar digiri 15 zuwa 20. A Turai, inda ɗaki ke digiri 22, wannan ya isa ya ba da ruwa mai sanyi sosai. A Isa cikin watan Afirilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, abin da zai fito daga ciki bai fi ruwan randar da aka ajiye a inuwa ba, ga shi kuma ya zuƙe batir. Ga direban da ke son ruwan sha mai dama-dama a hanya, to. Amma wanda ya zuba masa nama ko kindirmo da nufin su kwana biyu, ya yi asara.

Firji na gaske da kwamfaresa yake aiki, kuma ba sanyi yake ƙerawa ba. Zafi yake kwashewa daga ciki yana zubarwa ta bayansa, kamar mai kwarfe ruwa daga jirgin fito mai yoyo: gwargwadon yawan abin da ke shigowa, gwargwadon wahalar mai kwarfar. Shi ya sa masu ƙera firji ke rubuta ajinsa a 'yar takardar da ke manne a baya ko a ciki. Harafin N na nufin an yi shi don wurin da zafi bai wuce digiri 32 ba, ST zuwa 38, T kuma zuwa 43. Da yawa daga cikin na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai ajin N ne. In aka kafa irinsu a shago mai rufin kwano a bazarar Gobir, kwamfaresa ba ya samun hutu, kuma injin da ba ya hutawa kwanansa kaɗan ne. Ni a ganina wannan harafi guda ya fi allon ƙofa da kyamara da duk wani ƙyale-ƙyale muhimmanci ga mai saye a wannan yanki, kuma ba kasafai ake jin mai shago ya ambace shi ba.

Sai batun wuta. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba lantarki a jihohin Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Kaduna, kuma garuruwan bakin iyaka suna can ƙarshen waya, ƙauyuka da dama ma ba a taɓa kai musu turke ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama na lalura, mutane suka karkata ga sola. A nan ne bambancin ɗumamawa da sanyayawa ke fitowa fili. Butar lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 2,000 a lokaci guda, alhali ƙaramin janaretan da ake gani a ƙofar shaguna bai kai wat 1,000 ba. Ƙaramar firiza kuwa wat 100 da 'yan kai take ci in ta daidaita. Gaskiya ne butar minti kaɗan take aiki, amma a cikin mintocin nan sai an tanadar mata babbar inbata da batir mai ƙarfi, kuɗin da ya isa ya sayi firizar sola sukutum. Kuma me ake nema? Abinci mai ɗumi. Wannan matsala matan Hausa sun daɗe da kashe ta da kula da fulas, waɗanda ba a rasa su a kayan ɗakin amarya. Fulas ɗin ma fasaha ce babba: James Dewar ya ƙirƙiro kwalba mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu a 1892, zafi ya rasa hanyar fita. Ba ta cin wuta, ba ta neman sabis.

Sanyi ne ba mu da hanyar samunsa da araha, kuma rashinsa ne ke cin dukiya: nonon da Fulani ke kawowa kasuwa, kifin gulbin Rima, tumatir da tattasan fadama, naman da mahauci bai sayar ba kafin la'asar. A shekarun da azumi ya riƙa faɗowa tsakiyar bazara, kowa ya ga yadda ƙanƙara ke zama abin rububi gab da shan ruwa.

Akwai kuma lafiya, wadda tallan ba ya taɓowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a wannan tsakani. Na'urar ɗumamawa tana da amfani ne in ta riƙe abinci sama da 60. In aka ɗauke wuta da azahar ba wanda ya lura, shinkafa ta sauko zuwa ɗumi-ɗumi ta yini a rufe, an shirya wa ƙwayoyin cuta wurin zama ke nan. Shinkafa ma ta fi haɗari, don akwai wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa ta saki dafin da sake ɗumamawa ba ya kashewa. Haka naman da ya narke a firiza da dare, wuta ta dawo da asuba ya sake daskarewa, ya wayi gari kamar ba abin da ya faru. A nan kam na'urar da ke rubuta tarihin zafinta, ko ta yi ƙara in sanyi ya ragu, ta ci kuɗinta. Wanda ba shi da ita zai iya zuba ruwa rabin gora, ya kwantar da ita ta daskare, sannan ya tsayar da ita a cikin firizar. Ranar da ya ga ƙanƙarar ta koma gindin gorar, ya san kayansa sun narke a bayan idonsa.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, na'urar sanyi mafi wayo a wannan yanki ta riga ta iso, kuma ba gidan attajiri ta sauka ba. Tana asibitocin sha-ka-tafi, inda ake ajiye allurar rigakafi. Dole magungunan nan su zauna tsakanin digiri 2 da 8; in sun yi zafi su lalace, wasunsu in sun daskare ma su lalace. Firjin da hukumomin lafiya da ƙungiyar rigakafi ta Gavi suka rarraba a Najeriya irin wanda ke jone kai tsaye da farantin sola ne, babu batir ko ɗaya. Da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, da dare ƙanƙarar ta riƙe sanyin, har ya iya jure kwanakin hadari. Ana gwada irinsa a zafin digiri 43 kafin a amince da shi. A ciki akwai ɗan ma'auni da ke adana bayanin zafin kwana 30, a jikin kwalbar maganin shan inna kuma akwai tambarin da ke duhu in zafi ya taɓa ta fiye da kima. Da irin wannan tsari aka yi yaƙin da ya kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da shan inna na daji a watan Agustan 2020. Masu ƙera firjin sun fara da tambayar da ta dace: in babu wuta, babu makaniki kusa, rana kuma tana dukan kwano, ya za a yi? Batir suka cire, don shi ne ke fara mutuwa a zafi.

'Yan kasuwa sun ɗauki darasin. Kamfanin Koolboks na sayar da firizar sola mai ajiye sanyi a ƙanƙara, a biya kaɗan-kaɗan. ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, yana gina ɗakunan sanyi na sola a kasuwanni, manomi ya biya kuɗin kwando a kowace rana. Sai dai mai karɓar kayan sola na biyan kaɗan-kaɗan ya karanta takarda da kyau, domin wayon da ke ba kamfani damar duba lafiyar na'ura daga nesa shi ne ke ba shi damar kulle ta in biya ya makara.

Dogaro da intanet ma abin dubawa ne a nan fiye da ko'ina. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har mutanen bakin iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar. Na'urar da ba ta saituwa sai da manhaja, a irin wannan lokaci ta zama kayan ado. Gyara kuma wani aiki ne. Mai gyaran firji na gari zai iya canza kwamfaresa, ya ɗura gas, ya sauya ma'aunin zafi. In allon lantarkin firji mai wayo ya ƙone, sai an aika Kano ko Legas, kuma wanda ya san halin rashin tsaron da hanyar dajin Gundumi ta shiga a shekarun nan ya san ɗaukar firji zuwa Sakkwato ba ƙaramar shawara ba ce. Wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni ita ce ajalin irin waɗannan alluna, don haka sitabilaiza mai jinkirta kunnawa na 'yan mintoci wajibi ce.

Ga mai tumatir da yalo da ba shi da kuɗin sola, akwai dabarar Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa da ya fito daga gidan maginan tukwane, wanda ya ci kyautar Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na bushewa yana tafiya da zafi, kayan lambun da ke ruɓewa a kwana uku su kai mako biyu zuwa uku. Ta fi aiki a bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe. Da damina ƙarfinta raguwa yake, kuma ba ta isa ta riƙe nama ko magani ba.

Mai sayar da zoɓo da lamurje, ko matan da ke haɗa kuɗin adashi don sana'ar kindirmo, firizar sola mai murfi a sama ta fi musu mai ƙofa a gaba, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa in an ɗaga murfi. A nemi mai harafin T, a tambayi awa nawa take riƙe sanyi bayan faɗuwar rana, a kuma tambayi wa ke gyara ta a Sakkwato ko Maraɗi. A kafa ta nesa da bango da murhu, a riƙa share ƙurar hunturu daga farantin sola da bayan injin. Yawancin sababbi da gas ɗin R600a suke aiki, wanda ke kama wuta, saboda haka kada a bar kowa ya sa wuƙa yana ɓamɓarar ƙanƙara daga jikin bangonta.