Idan Hitar Injin Mota Ta Ƙi Aiki A Ƙasashen Sanyi

Wanda ya je birnin Winnipeg na ƙasar Kanada a watan Janairu zai ga abin mamaki: motoci da yawa da guntuwar waya tana reto a gabansu, an jona ta da soket a jikin bango. Ba cajin batir ake yi ba. Hita ce ake kunnawa, wadda aka dasa a jikin injin, bakinta na cikin ruwan da ke zagaya shi. Wani Ba'amurke mai suna Andrew Freeman, daga jihar Dakota ta Arewa, ya samu rajistar ƙirƙiro irinta a 1949. A Hausa muna iya kiranta hitar inji, domin aikinta ɗaya ne da hitar da ɗalibai ke tsomawa a bokiti.

Dalilin yinta kuwa shi ne, idan sanyi ya wuce digiri 15 ƙasa da sifiri, baƙin mai yakan yi kauri, batir ya yi rauni, inji ya ƙi juyawa. Awa 2 zuwa 4 a jone sun isa a ɗumama shi. To, in aka wayi gari mota ta ƙi tashi alhali ta kwana a jone, ina matsalar take?

Masu gaggawa sukan ce hitar ta ƙone, su nufi gareji. Sau da yawa kuwa lafiyarta lau, wuta ce ba ta isa gare ta ba. Saboda haka daga bango ake fara bincike. A jona fitila a soket ɗin a gani. Soket na waje yana da makunnin kariya da ke yanke wuta da zarar danshi ya shiga, sai an danna shi ya dawo. A wasu wuraren ajiye motoci ma, da gangan ake kawo wutar ana ɗaukewa don tsimi.

Daga nan sai wayar kanta, wadda ita ce ta fi shan wahala. Sanyi yana sa robarta ta tsage, gishirin da ake zubawa a titi yana cin haƙoranta, ga kuma direban da zai ja mota da safe ya manta bai cire ta ba. Wayar da ta tsage ko ta yi baƙi canza ta ake yi, domin tana iya tayar da gobara. Wani abin lura shi ne, wayoyin wasu motocin kamfanin General Motors suna da ma'aunin zafi da ba ya barin wuta ta wuce sai sanyi ya kai kimanin digiri 18 ƙasa da sifiri. Wanda ya gwada irin wannan a rana mai sauƙin sanyi zai ɗauka ta mutu.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a cire wayar daga soket, a ɗora mitar gwajin lantarki a haƙoranta biyu. A Kanada wutar gida bolt 120 ce, don haka hita mai wat 400 za ta nuna kusan om 36, mai wat 1000 ta manyan motocin dizal kuma kusan om 14. Idan mita ba ta nuna komai ba, to akwai inda ya tsinke. Sai a zare wayar daga jikin hitar a auna kowace daban.

In har hitar ce ta ƙone, kafin a sa sabuwa a duba ruwan lagireto. Kowane ɗalibi ya san abin da ke faruwa da hitar da aka kunna ba ta cikin ruwa. Haka ta inji take: in ruwa ya yi ƙasa ko iska ta maƙale a inda take, sabuwar ma ba za ta daɗe ba. Canza ta kuwa aikin bakanike ne, don sai an tsiyaye ruwan injin tukuna.