Ciwon Maƙogwaron da Ke Gangarawa Jijiyar Wuya

Saurayi ɗan shekara ashirin, lafiyayye, ya kwana uku yana fama da maƙogwaro. Ya leƙa kemis a Tsafe, aka haɗa masa kwali biyu, ya ɗan ji sauƙi har ya koma gona. Kwana huɗu bayan haka zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, yana makyarkyata har haƙora na haɗuwa, gefen wuyansa ɗaya ya kumbura daga ƙasan muƙamuƙi, ba ya iya juya kai. A gida aka ce maleriya ce, wani ya ce taifot, kakarsa kuma ta ce a kira wanzami a cire beli. Cikin mutum dubbai masu irin wannan hali, galibi ciwo ne na yau da kullum. Amma akwai ɗaya tilo da jininsa ke ruɓewa a lokacin, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Likitoci na kiran cutar da sunan Andre Lemierre, Bafaranshen da ya bayyana ta a mujallar The Lancet a 1936. Marasa lafiya 20 ya kawo labarinsu, 18 suka rasu, domin a lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da fenisilin ya wadata sai ta yi ƙaranci, har aka riƙa ce mata cutar da aka manta. Wani bincike a ƙasar Denmak tsakanin 1998 da 2001 ya gano kusan mutum 4 cikin miliyan ke kamuwa a shekara, amma a tsakanin matasa adadin ya kai kusan 14. Ba ta zaɓar raunana. Ƙarfafan samari da 'yan mata ta fi kamawa.

Ƙwayar da ta fi haddasa ta sunanta Fusobacterium necrophorum, wadda ba ta son iska, sai wuri rufaffe mai mugunya. Makiyayanmu sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba, don tana cikin masu ruɓar da kofaton shanu da tumaki a damina. A jikin mutum takan fara daga maƙogwaro, wani lokaci daga haƙori ko kunne, ta ratsa nama zuwa babbar jijiyar wuya mai mayar da jini daga kai zuwa zuciya. A nan jini yake daskarewa ya zama gudaji mai cike da ƙwayoyin cuta. Gudajin yana gutsirewa kaɗan kaɗan, zuciya ta tura gutsattsarin zuwa huhu, su kafa ƙuraje a can. Shi ya sa mai ciwon ke fara tari, kirji na suka, numfashi na sama sama, wani har gaɓoɓinsa su kumbura. Wanda ya gan shi a wannan mataki zai rantse ciwon huhu ne ko tarin fuka.

Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A shekarun 1990, Farfesa Cyril Enwonwu da abokan aikinsa sun same ta a raunukan yaran Nijeriya masu noma, cutar nan mai cinye kunci da leɓe, wadda ake kai yaran Zamfara asibitinta na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da marar lafiya ke bi kafin ya isa gaban likita. Ƙwayoyin magani biyu ko uku daga kemis sukan danne ciwon ba tare da kashe shi ba, sannan su sa gwajin jini ya fito babu komai. Wasu magungunan da ake yawan sha don maƙogwaro, irin su eritromaisin, sau da yawa ba sa cin wannan ƙwaya. Askar wanzami kuwa rauni take ƙarawa a wurin da ya riga ya ɗauki ruwa. Ga kuma tsoron hanya: mutumin ƙauyen Bungudu ko Tsafe yakan jira gari ya waye, ya jira ayari, alhali wannan cuta awa take ƙirgawa.

Gano ta na bukatar a ɗora na'urar sikanin a wuya, irin wadda ake duba masu ciki da ita, sai hoton kirji da renon ƙwayoyin cutar daga jini a ɗakin gwaji. Aikin manyan asibitoci ne kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Magani allura ce ta jijiya, galibi a haɗa da metronidazol, tsawon mako uku zuwa shida, a tatse mugunya in ta taru. Da wannan kulawa yawancin masu cutar suna tashi.

Likita ba zai kai na'ura wuya ba sai an ba shi dalili. Don haka duk wanda ya raka marar lafiya, ko ba a tambaye shi ba, ya faɗi cewa abin daga maƙogwaro ya faro, ya faɗi ranar, ya nuna gefen wuyan da ke ciwo, ya kuma miƙa kwalayen magungunan da aka riga aka sha.