Kajiji: Kasuwa Na Buɗewa, Fadama Na Tsukewa

A layin 'yan turare na Kasuwar Kurmi a Kano, kajiji na nan jibge a faifai: gutsattsarin saiwa baƙi-baƙi, masu ƙulli-ƙulli, da an murza ƙamshi ya tashi. Ciyawar bakin tafki ce, doguwa, ba ta da ganyen kirki sai kara mai gaɓa-gaɓa.

Tun kaka da kakanni ake dafa saiwar a sha saboda ciwon ciki da tari, a turara ta don ciwon kai, a jefa ta cikin adaka ta kori ƙwari daga tufafi. A Kamaru ana ba masu farfaɗiya, har masana a Jami'ar Ngaundere suka gwada ta a kan ɓeraye, suka ga tana rage jijjiga. Gwajin dai a jikin dabba ya tsaya, don haka mai farfaɗiya bai kamata ya ajiye maganin asibiti ba.

Yau masu neman kajiji sun ƙaru. Sana'ar turaren wuta da gyaran amare, wadda matan Barno suka yi suna a kanta, ta bazu zuwa birane, ana talla ta WhatsApp da Instagram. Tsadar magani a kemis kuma ta mayar da iyalai da dama wurin 'yan magani.

Sai dai matsugunin ciyawar na ƙanƙancewa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja zuwa Nguru duk damina. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, noman rani na shinkafa da alkama ya cinye gefen fadamu. Tafkin Chadi, da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, shi ma ya ja baya sosai.

Cinikin kajiji yana sa kuɗi a hannun masu haƙa a ƙauye da mata masu haɗa turare a gari. Illarsa ita ce saiwa ake so, kuma wanda ya tumɓuke ta duka ya kashe gindin. Ga shi kajiji na tohowa daga guntun saiwa, saboda haka mai haƙa zai iya mayar da kaɗan cikin laka, manomin rani kuma ya dasa shi a gefen kwamin shinkafa inda ruwa ke kwanciya.