Wayar Hannu Mai Ƙirga Marasa Lafiya

'Yan'uwa manoma, mun sani cuta tana da lokacinta kamar shuka. Sanƙarau yakan zo da ƙurar hunturu, ya zauna har zafin bazara. Zazzaɓin cizon sauro kuwa sai damina, daidai lokacin da gona take bukatar kowane hannu. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya.

Haɗa manhajar gargaɗi ba sai gwani ba. Da KoboToolbox, wadda take karɓar bayani ko babu intanet, muna iya shirya tambayoyi 4 kaɗai: ƙauye, shekarun mara lafiya, alamar ciwo, ranar da ya kwanta. Kowace Lahadi bayan sujada, sakataren ƙungiya da wata daga Zumuntar Mata su shigar da duk wanda ya kwanta a makon, har da maƙwabtanmu Musulmi, gama rijiyarmu ɗaya ce.

Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, inda jama'a ba su kai 30,000 ba, mutum 2 da ake zaton sanƙarau cikin mako guda sun isa a yi shela. Sai mu kira malamin lafiya na ƙaramar hukuma nan da nan.

Amma yaron da wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi, kada a jira Lahadi. A kai shi asibiti ran nan.