Ƙarfin Mota Ba A Inji Kaɗai Yake Ba

Duk wanda ya saba zama a garejojin Ngawundere ya san yadda ake yi da motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, wato kat-kat, irin su Land Cruiser da Hilux. Mai mota zai zo ya ce wa bakanike, "Malam, so nake ta ƙara ƙarfi." Sai a ƙara mata sifirin, a sa mata manyan tayoyi, wani ma har a ɗaura wa injin turbo. Mota ta fita tana gurnani, Alhaji yana murna. Kafin damina ta zagayo sai ga ta an jawo ta da igiya. Inji lafiya lau, amma giya ta tafi. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ba mu ga laifin masu son ƙarfi ba, domin ƙasar ce ta sa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ngawundere a 1974, nan ake sauke kayan da za su wuce Garwa da Marwa har Cadi. Garinmu yana kan tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana can ƙasa a bakin Binuwai, ba ta kai mita 300 ba, ga kuma gangaren nan na Mbe a tsakani. Masu shiga ƙauyukan Tibati da Tinyer da Banyo su ma sun san abin da taɓo yake yi da damina.

To, amma abin da muke mantawa shi ne, ƙarfin da inji ya haifa ba tsalle yake yi ya faɗa wa taya ba. Sai ya bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya, wanda a nan muke kira buwat, daga nan ya wuce ƙaramin akwatin da ke raba shi gaba da baya, ya bi kardan, sannan ya isa pon. Kowane ɗayansu an auna shi ne daidai da injin da aka haɗa su tare. Misali, injin 1HZ mai lita 4.2 da Toyota ta fito da shi a 1990 ba shi da turbo, kuma da kamfanin ya so mai turbo sai ya ƙera wani dabam, wato 1HD-T. In mun ƙara wa inji ƙarfi muka bar sauran yadda suke, haƙoran giya ne za su biya bashin. Haka ma ƙarin sifirin: yana hana mota durƙusawa, amma bai rage wa pon ko buhu ɗaya ba. Babbar taya kuwa tana sa kowane tashi ya zama kamar hawan tudu.

Wasu kan kafa hujja da motocin tsere, irin waɗanda suka ratsa Kamaru a 1992 daga Faris zuwa Afirka ta Kudu. Sai dai su da manyan motoci cike da kayan gyara suke tafiya, makanikai suna kwana a kansu kowane dare. Mu kuwa in buwat ta fashe a daji, fasinja ne za su kwana da sauro, shanu su rasa ranar kasuwa, iyalin direba su zauna jiran cefane.

Akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi, amma suna ƙara wa mota shekaru. Na farko, motar da ake sa wa kat-kat da hannu, a cire shi da zarar an hau kwalta, saboda tayoyin gaba da na baya ba tafiya ɗaya suke yi a kwana ba, in ƙasa ba ta bar su sun zame ba sai ƙarfen ya yi ta murɗuwa. Na biyu, kada a gauraya tayoyi masu girma dabam-dabam. Na uku, kada a hau tudu da kaya a giya ta biyar. A yawancin waɗannan motoci ta huɗu ce ke miƙa ƙarfi kai tsaye, ita ta fi jure wahala. In kuwa za a sauka gangaren Mbe, a sa ƙaramar giya tun daga sama, ba sai mota ta ɗauki gudu a fizge ta ba. Na huɗu, bayan an ƙetare rafi a buɗe a duba man pon da na buwat. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar da shi ran nan.

Muna roƙon makanikanmu su riƙa faɗa wa mai mota gaskiya tun kafin su ɗauki sifana, ko da zai ji haushi. Masu mota kuma, kafin mu tambayi nawa ne turbo, mu fara tambayar nawa ne buwat. Allah ya kiyaye hanya, amin.