Turancin da ke jikin buhun taki

A ƙananan makarantun sakandare na Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, an saba ganin malami ya jera kalmomin Turanci a allo, yara su bi shi da baki, su kwafa, ranar Juma'a a yi gwaji. Kafin Litinin yawancin kalmomin sun bi ruwa. Alhali yaro da Turanci zai karanta lissafi da kimiyya da darasin noma, da shi kuma zai rubuta jarrabawar BECE a ƙarshen aji uku.

Laifin ba na ƙwaƙwalwar yaro ba ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka haddace ya fi saurin zubewa a sa'o'i da kwanakin farko, sai fa in an riƙa komawa kansa. Alarammomi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a raba hadda da tilawa. Kalma ba ta zama sai yaro ya ci karo da ita sau da yawa, cikin jimloli daban-daban.

Paul Nation, masanin koyon harshe a New Zealand, ya ce mai karatu na bukatar sanin kusan kalmomi 98 cikin 100 kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. Wato a shafi mai kalmomi 200, baƙi huɗu kacal. Yaron da aka miƙa wa littafi mai baƙin kalmomi talatin a kowane shafi, rufe shi zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. Gara ɗan littafin labari mai sauƙi da zai kai ƙarshensa, ya nemi wani. Jerin muhimman kalmomin Turanci da masani Michael West ya fitar a 1953 kalmomi wajen 2,000 ne, amma su ne kusan kashi 80 na rubutun yau da kullum. Da su ya kamata a fara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Turancin da muke tsallakewa a gida. Buhun takin NPK, ledar irin masara, galan ɗin maganin ciyawa, duk rubutu ne a jikinsu. Uba yakan kira ɗansa: "Kai, zo ka duba mini, murfi nawa aka ce a zuba a tanki?" Kalmar da yaro ya warware a nan, auduga na jiran feshi, da wuya ya manta ta. Malami zai iya ɗaukar hoton rubutun da waya ya kawo aji. Galan ɗin kam guba ne, kada a ba yara.

Malamai, ku rage jerin allo, ku ware minti goma sha biyar kullum don karatun labari. Shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai, ku sama wa kowane aji ƙamusun Turanci da Hausa, irin na Roxana Ma Newman na 1990, ku ajiye shi inda hannun yara zai kai.