Kocin Unguwa: Me Ya Sa Wasu Ba Sa Hangen Kujerar Babban Kulob?

Da zarar rana ta yi sanyi a Birnin Kebbi ko Argungu, filayen makarantun firamare sai su cika da yara, kuma da wuya ka rasa wani mutum a tsakiyarsu da usur a wuya. Koci ake ce masa. Ba ya karɓar albashi, sau da yawa ma shi ke sayen ƙwallo da ruwan sha. Wasu daga cikin irin waɗannan mutane sun san aikin sosai, sanin da zai iya kai su neman gurbi a Kano Pillars ko Katsina United, amma ba sa nema. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin rashin buri. Ni ban yarda ba, domin akwai lissafi a ciki.

Kujerar babban kulob a Najeriya ba ta da tabbas. Galibin ƙungiyoyin gasar ƙasa mallakar gwamnatocin jihohi ne, saboda haka makomar koci tana hannun 'yan siyasa ko da sakamakonsa ya yi kyau. A sha kashi sau biyu, sai a ba shi wa'adin wasa uku. Ko a saman ma haka abin yake. Marigayi Stephen Keshi ya ciyo wa Najeriya kofin Afirka a 2013, duk da haka ya yi watanni yana bin bashin albashi, aka kuma sallame shi a 2015. Finidi George bai yi wata uku a kujerar Super Eagles ba ya ajiye aiki a 2024. Wanda ya ga yadda aka yi da waɗannan, ba laifi ba ne in ya zaɓi wurin da ba mai korarsa.

Sai dai dalilin da ya fi ƙarfi, a ganina, na gida ne. Ƙasar Kabi ta daɗe da sanin koyar da wasa ba don kuɗi ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya ƙunshi kabanci: tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Babu wanda ya koyi waɗannan a aji. Uba ne ko kawu ke shiga ruwa da yaro har ya iya, kamar yadda tsohon ɗan kokawa ke gyara wa na baya tsayuwa. Ladan mai koyarwa shi ne ranar da yaronsa ya yi fice a kogin Matan Fada, a ce ai wane ne ya rene shi. Kocin ƙwallo na yau wannan girman ya gada. Iyaye na gaishe shi a masallaci, suna kai masa ƙarar ɗansu in ya ƙi makaranta, kuma yaron kan ji maganarsa.

Akwai kuma abin da ke riƙe da shi. Mai horarwa don sha'awa yawanci malamin makaranta ne, ko ma'aikaci, ko manomin shinkafa a fadamar Rima. Da abincin gidansa a kan ƙwallo ya dogara, da zaɓin bai yiwu ba.

Amfanin a bayyane yake. Yaron da ke atisaye kullum da yamma ba ya samun lokacin zaman banza da shaye-shaye. Sabon abu ma kan fito daga irin wannan himma: jihar da ba ta da teku ta yi suna a ƙwallon yashi, har Kebbi Fishers ta shiga sahun ƙungiyoyin da ake ji da su a ƙasar.

Illar ita ce ta fi damuna. Sha'awa ba ta koya wa mutum yadda ake kula da targaɗe ko yawan gudun da jikin ɗan shekara 12 zai iya ɗauka. Wannan sai da horo, ga shi Cibiyar Wasanni ta Ƙasa tana can Surulere a Legas, kwas ɗin lasisin CAF kuma na cin kuɗin da malamin firamare ba shi da su. Hukumomi su ma sun samu wurin fakewa: tunda yana yi don Allah, babu mai tuna masa da alawus. Ranar da ya gaji ko aka yi masa canjin wurin aiki, ƙungiyar ta watse.

Asara mafi girma a takarda take. Dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, amma sai wadda ke da rajista, yaron ma da rajista a ƙarƙashinta. Ƙungiyar unguwa da ba ta taɓa zuwa ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ba, ko ɗan wasanta ya kai Turai, dillali da kulob ɗin da ya ɗauke shi daga baya ne za su ci moriyar. Yi wa waɗannan ƙungiyoyi rajista kyauta, da kawo kwas ɗin share fage filin wasa na Haliru Abdu, ba su fi ƙarfin gwamnatin Kebbi ba.